Tafiya da yara uku kan hanyar hijirar 'yan Mormon: ku auna ta da ƙarfin auta

Assalamu alaikum. Muna zaune a Chicago, shekara biyar ke nan. Babbar 'yarmu mai shekara 6 ta ji labarin mutanen da suka ratsa Amurka da keken shanu, tun daga nan ba ta da zance sai shi. Maigidana mai son tarihi ne, sai ya ce a hutun watan Yuli za mu bi hanyar da 'yan Mormon suka bi daga Nauvoo har Salt Lake City, a motarmu, mu je mu dawo cikin kwana bakwai. Bayan babbar akwai namiji mai shekara 4 wanda mota ke sa shi amai, ga auta mai wata 14. Ina ganin abin ya yi yawa, amma da na yi magana sai ya ce ina kashe masa gwiwa. Kuma mu Musulmi ne, na ji an ce wuraren na coci ne, ina tsoron a yi wa yarana wa'azi. Ga batun abinci da salla a hanya. Ku ba ni shawara.
Maman yara uku

Wa alaikumus salam, Malama. Allah Ya raya zuri'a. Gaskiyarki a kan kwana bakwai, shi kuma maigida yana da gaskiya a kan cewa tafiyar ta cancanci a yi. Kada ki ce masa a fasa. Ki ɗauko takarda ku yi lissafi tare. Daga Chicago zuwa Salt Lake City ta wuraren tarihin nan, a dawo ta babbar hanyar I-80, ana maganar kusan kilomita 5,000. A raba da bakwai, kullum kilomita 700 ke nan, wato awa bakwai na tuƙi zalla, ba a sa cin abinci, canza famfas, salla da shan mai ba. Da yara ƙanana, duk awa huɗu na tuƙi sai ya ci awa biyar da rabi zuwa shida. To yaushe za a ga tarihin? Ma'aunin da ya dace da gidanku shi ne awa huɗu zuwa biyar na tuƙi a rana, tsayawa duk bayan awa biyu, da yini guda ba tuƙi bayan kowane kwana uku.

Da wannan ma'auni hanya biyu ce a gabanku. Ta farko, a motarku cikin kwana bakwai ɗin: Chicago zuwa Nauvoo, Nauvoo zuwa Omaha, a juyo gida a kwana a hanya. Jimla ba ta kai kilomita 1,800 ba. Ta biyu, in har sai an kai Utah, jihar da Salt Lake City take: a nemi kwana goma, a yi hayar mota ta zuwa kawai, a ajiye ta a Salt Lake City a dawo ta jirgi. Kamfanonin haya na ƙara kuɗi idan ba a mayar da mota inda aka ɗauke ta ba, don haka a ga jimlar kuɗin kafin a biya. Mu dai da auta mai wata 14, ta farko muka fi so muku bana, a bar yankin yamma sai ƙafarsa ta yi ƙwari. Amma ga bayanin duka biyun.

Nauvoo tana bakin kogin Mississippi a jihar Illinois, kimanin kilomita 430 daga Chicago. 'Yan Mormon, wato mabiya Joseph Smith wanda ya kafa cocinsu, sun zauna nan daga 1839, aka kashe shi da yayansa Hyrum a kurkukun Carthage ranar 27 ga Yuni 1844, sannan a Fabrairun 1846 jama'a suka fara ƙetare kogi suna yin yamma ƙarƙashin sabon jagoransu Brigham Young. A duk hanyar babu inda ya kai Nauvoo dacewa da yara, don haka ku ba ta kwana biyu, yini guda cur. Dalili shi ne a nan hannun yaro ke taɓa abu. Akwai maƙera inda ake hura wuta a ƙera ƙaramin takalmin doki a gaban yara, a kuma nuna yadda ake haɗa ƙafar keken shanu. Akwai wurin yin tubali, akwai zauren da ake nuna tufkar igiya, yin kyandir da gashin burodi irin na da, ga filin wasa da ake sa wa yara tufafin zamanin. Ana hawa keken doki a zaga gari, ana hawa na shanu. Duk kyauta ne, sai dai keken doki na buƙatar tikiti kuma a Yuli yana ƙarewa da wuri, saboda a watan ake yin babban wasan tarihi na dare kuma garin ke cika. Ku nemi tikiti tun kafin ku tashi, ku kama masauki da wuri. In Nauvoo ta cika, Keokuk da Fort Madison a tsallaken kogi suna kusa.

Kuskuren da iyaye ke yi a Nauvoo shi ne shiga gida bayan gida. Gidajen tarihin na da yawa, kowanne da mai bayani, ɗakuna ƙanana, kaya kuma ba a taɓawa. Yaro mai shekara 4 zai jure gida ɗaya, a na biyu zai fara jan labule, a na uku kuka. Ku yi maƙera da keken doki da safe kafin rana ta take, ku koma masauki a yi barcin rana, maigida ya fita shi kaɗai ya ga gidajen da yake so. Da la'asar a sauka titin Parley zuwa bakin kogi, inda masu hijira suka yi layi suna jiran fito. Zafin Nauvoo mai gumi ne, sauro kuma na tashi da magariba. Maganin shafawa mai sinadarin DEET kashi 10 zuwa 30 ya halatta ga yaron da ya wuce wata biyu, a shafa a fatar da ke waje ban da tafin hannu da kusa da ido, a wanke da dare. In sun yi wasa a ciyawa a duba bayan kunne, hammata da cikin gashi saboda kaska.

Carthage kimanin kilomita 35 ce daga nan. Ana hawa da baƙi ɗakin da aka yi kisan, har a nuna ramin harsashi a ƙofa. Maigida ya shiga, ke ki zauna da yara a farfajiya.

Sai mu zo kan abin da ya fi damun ki. Nauvoo, Carthage, cibiyar Winter Quarters a Omaha da Martin's Cove a Wyoming duk cocin ne ke riƙe da su, masu zagawa da baƙi kuma 'yan mishan ne, galibi dattawa mata da miji ko 'yan mata. Mutane ne masu fara'a da son yara. Sukan rufe bayani da faɗin imaninsu, wani lokaci su miƙa littafi ko su tambayi ko kuna son a ziyarce ku. Maganin abin shi ne a faɗa tun a ƙofa: mu Musulmi ne, tarihi muka kawo yara su gani. Yawanci suna girmama wannan. Ba dole ba ne ku ba da lambar waya ko adireshi, kuma in kun bayar ku sa ran kira. Finafinan da ake nunawa a cibiyoyin sun fi bayanin baki ɗauke da wa'azi, ana iya tsallake su. Haikalinsu kuwa, na Nauvoo da aka sake ginawa a 2002 da sauran, wanda ba ɗan cocin ba ba ya shiga, daga waje ake gani. Wani abin ladabi: tun 2018 shugabanninsu suka nemi a daina kiran su Mormon, sun fi son Latter-day Saints, ko da yake sunan hanyar a allunan gwamnati bai canza ba.

Babbar 'yar ce za ta yi tambaya, ita ce kuma ya kamata a shirya. Daren da za a shiga a gaya mata a taƙaice: waɗannan mutane suna da addininsu daban da namu, an kore su daga garinsu, sun sha wuya a hanya, mun zo mu ga yadda suka yi. Yaro mai shekara 6 da ya ji wannan daga bakin uwarsa ba ya rikicewa don wani ya faɗi nasa. Kuma a cike mata abin da ba lallai ta ji a wurin ba. Ƙasar da suka ratsa tana da masu ita, ƙabilun Omaha, Pawnee, Lakota, Shoshone da Ute. A ayarin farko na 1847, mai maza 143 da mata 3 da yara 2, akwai baƙaƙen fata uku da suke bayi: Green Flake, Hark Lay da Oscar Crosby. Yarinya 'yar Afirka da ke tasowa a Amurka ta cancanci ta san sunayen nan.

Ratsa jihar Iowa zuwa Omaha kimanin kilomita 500 ne. Ku gaya wa yara cewa abin da za ku yi a yini guda ya ci wa mutanen 1846 fiye da wata huɗu saboda ruwan sama da taɓo. Winter Quarters tana unguwar Florence a arewacin Omaha, inda suka yi hunturu a bukkokin katako da ramuka, ɗaruruwa suka mutu, da yawansu yara, saboda zazzaɓi da rashin abinci mai gina jiki. Cibiyar baƙin ƙarama ce, akwai sanyin na'ura, akwai keken shanu da amalanke da yara ke iya ja, awa ɗaya da rabi ya isa. A maƙabartar da ke tsallaken titi akwai mutum-mutumin uwa da uba tsaye kan kabarin ɗansu. Ki san da shi kafin ku isa, don babbar za ta tambaya. Omaha kuma nan ne wurin yin Juma'a da cika kula da naman halal, domin in kun ƙara yin yamma samunsa na ƙara wuya har sai Salt Lake City.

In kun zaɓi doguwar, daga Omaha a kwana a Kearney, washegari a bar I-80 a Ogallala a hau hanya mai lamba 26. A wannan yankin agogo ke komawa baya da awa ɗaya, cikin yara kuwa bai san da haka ba, don haka ku bi yunwarsu da barcinsu, ba agogo ba. Chimney Rock, wani dutse mai tsini, daga nesa ake kallo, minti arba'in ya wadatar. Dutsen Scotts Bluff ya fi: ana hawa kansa da mota ta ramuka uku da aka huda a dutse, amma a sama a riƙe hannun mai shekara 4 gam, akwai gefen da ba shinge. Nan da Fort Laramie, wani tsohon sansanin soja, na gwamnatin tarayya ne, ba kuɗin shiga, ba wa'azi, kuma suna da ɗan littafin aiki na yara da ake kira Junior Ranger, wanda in yaro ya cike ake ba shi baje. Ku tambaya a teburin karɓar baƙi. Kusa da garin Guernsey akwai inda ƙafafun kekuna suka ci dutse suka bar kwari mai zurfin da ya kai ƙirjin babba a wasu wurare. Tafiyar 'yan mintuna ce daga inda ake ajiye mota, kuma babu abin da ke nuna wa yaro yawan mutanen da suka wuce kamar ya tsaya a cikin wannan kwarin. A Casper akwai cibiyar tarihin hanyoyin ƙaura ta gwamnati, inda ake zama a keken da ke girgiza kamar ana ƙetare kogi. Ku yi kwana biyu a Casper, a yi wanki, yara su yi ninƙaya a otal.

Daga Casper ƙasa ke canzawa, kuma nan ne ake bukatar hankali. Hanya mai lamba 220 na kai ku Independence Rock da Martin's Cove, kimanin kilomita 90 zuwa 100. Labarin wurin shi ne na 1856: talakawan da suka zo daga Turai ba su da kuɗin shanu, sai suka ja kayansu a amalanken hannu irin kurar masu ga-ruwa, kowane babba an yarje masa kaya kusan kilo 8 kacal. Ayari biyu, na Willie da na Martin, sun makara wajen tashi, dusar ƙanƙara ta riske su a Oktoba, fiye da mutum 200 suka mutu cikin kusan 1,000. Kafin ku bar gida ku ɗora jaka a sikeli ku ce wa babbar ta zaɓi abin da za ta ɗauka cikin kilo 8, za ta fahimci labarin fiye da duk wani bayani. A cibiyar ana ba da aron amalanke. Ku ja shi ɗan nesa kaɗan ku dawo. Zagayen zuwa lungun dutsen kansa ya kai kusan kilomita 8, ba inuwa, ga yashi, ba na yaranku ba ne. Keken tura jariri ma ba ya tafiya a yashin, goyo da zane ya fi shi nesa ba kusa ba, sai dai a sa wa auta hula a riƙa duba zufarsa.

Abubuwa huɗu ke ba da matsala a Wyoming. Na farko ƙishirwa: wurin tudu ne, sama da mita 1,500, a mashigar duwatsu ta South Pass ya haura 2,200, iska busasshiya kamar ta hunturunmu, gumi na bushewa kafin a gan shi, sai yaro ya bushe ba a sani ba. Ku ɗauki lita 4 ga kowane babba a rana, lita 2 ga kowane yaro, da jarka ta ajiya a but. In famfas ɗin auta ya yi awa shida a bushe, ko leɓensa ya tsage ya yi laushi, a ba shi nono da ruwan gishiri da sukari na fakiti, in bai farfaɗo ba a nemi asibiti. Rana a tudu na ƙona har baƙar fata, a shafa man kariya mai lamba 30 duk awa biyu. Sai macizai masu caki a wutsiya, da ke kwanciya a gindin duwatsu da ciyayi: takalmi rufaffe, a tsaya kan turba, kada yaro ya zura hannu a rami. In an yi sara, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗauri, a kira lambar gaggawa ta 911. Sannan hadarin la'asar mai tsawa da ƙanƙara, wanda ke haɗuwa cikin ɗan lokaci. Ku gama yawon waje kafin azahar, in kun ji tsawa ku sauko daga dutse ku shiga mota. Na ƙarshe nisa: gidajen mai na da tazara, sabis ɗin waya na ɗaukewa. Daga Casper kada tanki ya sauka ƙasa da rabi, a sauke taswira a waya tun a otal, a duba iskar safaya da jak tun a gida. Kada ku yi tuƙin magariba, lokacin ne bareyi ke faɗowa titi. Hanyar Rocky Ridge, tudun da ayarin Willie ya haura, ta ƙasa ce mai duwatsu, ku bar ta. A kwana a Lander, washegari a bi hanya mai lamba 28 ta South Pass, a tsaya Fort Bridger a miƙe ƙafa, a gangara Salt Lake City. A can wurin yara shi ne This Is the Place Heritage Park, ana biya, akwai ƙaramin jirgin ƙasa da dabbobi. Ranar 24 ga Yuli hutu ce a Utah don tunawa da isowar Brigham Young a 1847, gari na cika, masauki na tsada.

A cikin mota, auta zai zauna a kujerarsa yana fuskantar baya, haka dokar Illinois da Nebraska ta ce ga wanda bai kai shekara 2 ba, sauran biyun ma kowa da kujerarsa a baya. Ko ya tsala kuka kada a ciro shi ana tafiya, a tsaya. In hayar mota za ku yi, ku tafi da kujerunku da suka saba. Mai aman ya zauna inda yake hango titi ta gaba, ba waya, ba littafi, a rage masa maiƙo da madara kafin tashi, a ɗan sauke gilashi. Leda, tawul da kayan canji su kasance a ƙasan kujera, ba a but ƙarƙashin akwatuna ba. In kuna son maganin amai ku tambayi likitansa kafin tafiya, shi zai faɗi adadi bisa nauyinsa, haka ma na zazzaɓi. Ku sani farasitamol a kantunan Amurka acetaminophen ake rubutawa. Gyaɗa, gugguru da inabi ɗungurungum ba a ba ƙananan biyun su ana tafiya, don in yaro ya shaƙe ba mai kai masa hannu da sauri. Kuma ko na minti biyu kada a bar yaro a mota a rufe, zafin ciki na ƙaruwa da kusan digiri 11 cikin minti goma.

Abinci ba zai wahalar da ku ba in kun shirya. Ki yi dambun nama da cincin a gida, ki daskarar da miya a ƙananan robobi ta zama ƙanƙarar kula ta kwana biyun farko, ki ɗauki ƙaramar tukunyar shinkafa mai lantarki, dabino, garin kunu da filas. Ku nemi ɗaki mai firij. Kullum a zubar da ruwan kula a sa sabuwar ƙanƙara, abin da ya kwana ba sanyi a zubar. A gidajen abinci na ƙauye kifi, ƙwai da dankali ne mafita, amma a tambaya ko a kan tanda ɗaya ake soya ƙwan da naman alade, a kuma tambayi waken da aka dama, don wasu da kitsen alade suke yi. Salla kuwa kuna da sauƙin matafiyi na kasaru, alƙibla a duk hanyar arewa maso gabas take, wuraren hutawa na bakin I-80 na da ciyawa da ruwa. Magariba a Yuli na kaiwa kusan ƙarfe tara, don haka kada a jira ta kafin a kwantar da yara.

Kafin a biya ko sisi, ki ba maigida shawarar gwaji: wata Asabar ku tashi ƙarfe bakwai na safe da yaran duka, da kula da komai, ku yi awa biyu da rabi ku yini a wani wuri ku dawo. Ku rubuta sau nawa aka tsaya, ƙarfe nawa auta ya yi barci, a wane kilomita mai shekara 4 ya fara jin tashin zuciya. Da waɗannan lambobin za ku zauna ku zaɓi tsakanin Omaha da Salt Lake City, sannan a kama masaukin Nauvoo, wanda ake iya sokewa ba tare da asara ba.